Kujera A Kejin Baƙi

Ranar Litinin jerin sunayen ya iso, kuma Sakatare da kansa ya kawo min har tebur, mutumin da ko biro ne ya faɗi a gabansa sai ya kira ni in ɗauko masa.

"Auta, ga baƙinmu na Asabar. Mutum ɗari biyu. Ki raba musu kujeru, amma ki buɗe ido a layi na sha bakwai."

Yana maganar yana murmushi, irin murmushin nan nasa da ban taɓa ganin alheri ya biyo bayansa ba.

Aikina ke nan a ofishin ƙungiyar ƙwallon Masaƙa. Duk ƙungiyar da za ta zo filinmu, magoya bayanta a ƙofa suke yankar tikiti su zauna inda suka ga dama, ban da 'yan Tashar Jirgi. Su sai ƙungiyarsu ta aiko da sunaye tun farkon mako, ni in ba kowane suna lambar kujera, a buga tikiti a mayar musu. Wurinsu kuma ɗaya ne, kusurwar gabas, inda rana ke dukan fuskar mutum tun daga la'asar har ta faɗi. An kewaye ta da shingen ƙarfe mai tsayin mutum biyu. A takarda sunanta sashen baƙi, amma a baki kowa keji yake cewa. Saura minti goma sha biyar a take wasa ake sa mata sarƙa da kwaɗo, ba a buɗewa sai rabin awa bayan an tashi. Inuwa ɗaya ce a ciki, kujeru goma sha biyu a ƙarƙashin allon da ake rubuta ƙwallaye, su ake ba waɗanda suka zo da iyali.

Na sauke ido zuwa layi na sha bakwai.

Dogo ne. Dogona, bakaniken da ke gyaran injin jirgi, wanda shekara biyu ke nan ba ni da wata magana a zuci sai tasa. A gurbin mai rakiya, inda wasu suka sa "matata" ko "mahaifiyata", shi da rubutunsa mai karkata hagu ya rubuta: "wadda zan aura".

Na karanta sau uku. Ko sau ɗaya ban ce a raina ko ni ake nufi ba. 'Yar Masaƙa a keji? Tun da aka kafa shingen nan ba a taɓa yi ba, balle 'yar mai riƙe da makullinsa.

Mako uku kafin nan manyan Dogo sun zo gidanmu. Baba ya karɓe su a falo, ya sa aka kawo musu ruwa, ya saurare su har suka dire. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu zuwa gwiwa, ya nuna musu tabon da ya taso tun daga idon sawu kamar ɗinkin buhu.

"Ga wadda za ku tambaya," ya ce. "In ta yarda, na yarda."

Har yau Lamba Bakwai ake kiran Baba a gari. Shi ne ɗan wasan gefen da Masaƙa ba ta sake samun irinsa ba, har ranar da ya ci 'yan Tasha a minti na ƙarshe, magoya bayansu suka tsallako fili suka bi ta kansa. Ƙafar ta karye wuri uku. Bayan ya warke shi ya kawo shawarar kejin, shi ya tsaya aka yi waldarsa, kuma shekara ashirin da biyu makullin bai taɓa kwana a aljihun wani ba.

Dogo yana da shekara shida a lokacin. Na faɗa wa Baba haka, ya ce to, ai yanzu ya girma.

"Kin gani ko?" Sakatare ya ja kujera ya zauna kusa da ni, turarensa ya cika min hanci. "Ni ma sai da na tausaya miki. Mako uku kacal, ko sawun manyansa bai ɓace daga ƙofar gidanku ba."

"Wace ce?"

"'Yar kocinsu mana. Nas ɗin nan da ke bin motarsu da akwatin magani. Kowa ya sani a Tasha, ke kaɗai aka bari a baya."

Ya zaro waya ya miƙo min. Hoto ne a cikin motar magoya bayansu. Dogo ya miƙa hannu, ita ta sunkuyar da kai tana naɗa masa bandeji a yatsa, shi kuwa yana dariya har haƙoransa duk suka fito. Na san dariyar nan. Ina tsammanin ni kaɗai ake yi wa ita.

Kuma yarinyar kyakkyawa ce. Na neme ta da muni daga sama har ƙasa, na ƙara girman hoton, na duba hanci, na duba yatsu, ban samu ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

"Allah ya sanya alheri," na ce, na mayar masa da wayarsa.

"Haka nake son ji. Ki ba su biyu a inuwa, kin san amarya ba ta son rana."

Ya fita yana kaɗa makullin motarsa a yatsa.

Na jawo taswirar kejin a kwamfuta. Babu wanda ya san kujerun nan kamar ni. Na san wadda ƙusa ta fito mata, na san wadda tsuntsaye suka mayar makewayi. Akwai ta arba'in da ɗaya, tana bayan turken fitila, wanda ya zauna a kai rabin fili kawai yake gani. Na ba Dogo ita. Akwai kuma ta ɗari da tamanin da takwas, can ƙurya jikin bangon bayi, ƙarƙashin tankin ruwan da ke ɗiga tun bara. Na ba wadda zai aura.

Layi tara na sa a tsakaninsu. In yana son ganin fuskarta sai ya juya wa wasa ƙeya.

Na buga tikitin, na sa hatimi. Sai bayan an tafi da su ne na shiga bayan kabad ɗin fayil na yi kuka har kaina ya sara.

Ranar Laraba da rana kiransa ya fara shigowa. Na kifa wayar a kan tebur. Ya kira sau bakwai kafin a tashi aiki. Ya turo saƙo, ban buɗe ba na goge, don na san abin da ke ciki: haƙuri, ƙaddara, iyaye ne suka matsa. Da yamma na toshe lambar gaba ɗaya. Alhamis ya zo ƙofar ofis, na hango shi ta taga da rigar aikinsa mai baƙin mai, masu gadi suka tare shi, don ɗan Tasha ba ya shiga harabarmu a makon wasa. Ya fi awa yana tsaye a tsallaken titi. Na ja labule, sannan na tsaya a bayan labulen ina leƙensa har ya tafi.

Juma'a da yamma Inna ta same ni ina guga a tsakar gida. Ta daɗe tana kallona.

"Rigar nan sau nawa za ki goge ta? Kin kusa huda ta."

"Aure zai yi, Inna."

"Wa?"

Ta zauna a bakin tabarma ta cire min dutsen gugar daga hannu.

"Shi ya faɗa miki da bakinsa?"

"Da hannunsa ya rubuta. Ni aka kawo wa in ba su wurin zama. Ni, Inna. Duk garin nan ba wanda zai zaunar da shi da amaryarsa sai ni." Hawaye suka ɓalle min. "Mako uku. Ni ko abinci ban koma ci sosai ba, shi har ya zaɓi wata. Da can ma tana nan, ni ce ban sani ba. Duk tafiyar da suke yi wasan waje tana gefensa, ni ina nan ina jiran ya dawo ya ba ni labarin ƙwallo."

"Ki ji ta bakinsa tukuna."

"In ji me? Yadda aka yi ta fi ni?"

"Auta, ke fa in ranki ya ɓaci kunnenki toshewa yake, irin na ubanki sak."

Kamar an kira shi, muka ji sandarsa a zaure. Baba ya shigo da hularsa a hannu, ya dube ni, ya dubi Inna. Da ganin fuskarsa labarin ya riga ya kai masa, kuma na san wanda ya kai.

"Share hawayenki," ya ce a hankali. Ya zauna a kujerarsa ya miƙe ƙafar. "Ban hana ki shi don mugunta ba. Na san mutanen nan tun ba a haife ki ba. Yau suna yi maka waƙa, gobe suna tattaka ka. Ga shi kin gani da idonki."

Na ɗauki rigar na fara naɗewa.

"Sakatare ya sake yi min maganar aurenki. Yaro ne namu, a gabana ya tashi. Na ce masa ya bari a gama wasan gobe in ji daga gare ki. Ba zan yi miki dole ba."

Inna ta ɗan taɓa min ƙafa, alamar in yi shiru. Amma ni a lokacin hoton nan kawai nake gani, kan Nas a sunkuye da hannun Dogo a cikin nata. Ina so labari ya je Tasha. Ina so ya ji a jikinsa yadda na ji.

"Duk abin da ka yanke, Baba."

Fuskarsa ta washe, har ya ba ni tausayi. Ya ce gobe a gefensa zan zauna a babbar rumfa, kowa ya ga 'yar Lamba Bakwai. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Asabar tun azahar gari ya koma ja. Motoci, babura, masu tura baro, kowa da jan ƙyallen Masaƙa a wuya. Ni ma na ɗaura nawa a kan mayafi. Ƙarfe uku ina zaune a babbar rumfa, Sakatare ya ajiye jakarsa a kujerar da ke kusa da tawa, yana ta gaisawa da mutane yana nuna ni da ido. Baba yana can ƙofar keji, sai ya kulle yake hawowa.

Daga inda nake kejin ya zama kore shar. Gangunansu na tashi. Na nemo kujera ta arba'in da ɗaya, ga kafaɗar Dogo ta leƙo daga bayan turke. Na ƙirga layi tara zuwa sama. Ta ɗari da tamanin da takwas babu kowa.

Ina take? Ta ƙi kujerar ne? Ko wani ya tashi ya ba ta tasa a inuwa?

Na kasa zama. Ni dai sai na gan ta ido da ido, ko da zuciyata za ta fashe.

"Ina zuwa," na ce wa Sakatare. "Akwai sunan da zan duba a ƙofar baƙi."

"Bari in raka ki."

"Ka riƙe min wuri."

Na zaga ta bayan fili, na wuce masu sayar da ruwa, na wuce 'yan sanda biyu da ke hamma a inuwar mota. Layin 'yan Tasha ya kusa ƙarewa. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da sarƙa rataye a kafaɗa, yana karɓar tikiti yana yagewa, ba ya kallon fuskar kowa.

Ita kuma tana gefe, jikin shinge, ba ta shiga layi ba. Koren mayafi, farin takalmi, tikiti a tsakanin yatsu biyu. A fili ta fi hoton kyau, Allah ya isa tsakanina da mai ɗaukar hoton.

Ta ga jan ƙyallena, ta ga fuskata, ta gyara tsayuwa.

"Ke ce Auta."

"Ke ce amarya. Ba ki shiga ba? Ko kujerar ba ta yi miki ba?"

"Ban gan ta ba tukuna. An ce min dai wadda ta zaɓe ta ta iya zaɓe." Muryarta a sanyaye, irin ta masu lallashin mara lafiya kafin allura. "Cewa ya yi in jira a nan har a ɗauko sarƙa. In ba ki zo ba, in shiga."

"In ban zo ba?"

Ta ɗaga kai ta dubi bayana. Dogo ne ke saukowa daga matakala, yana tsallake bibbiyu, har ya iso jikin shingen ta ciki ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ya rame. Idanunsa sun yi zuru-zuru.

"Kin zo," ya ce.

"Na zo in yi maka murna."

"Auta, ki bar wannan. Amsarki na gani tun Laraba. So nake kawai in ji daga bakinki, shi ya sa nake ta kira. Mutum ya shekara biyu da ke, ai ya ci a ce masa a'a da baki, ba da lambar kujera ba."

"Wace amsa? Wa ya tambaye ni wani abu?"

"Wasiƙar."

"Wace wasiƙa?"

Ya kafe ni da ido, ni ma na kafe shi.

"Wadda na maƙala a jikin jerin sunayen. Na naɗe ta, na sa sunanki a baya, don na san jerin teburinki yake zuwa. Babanki ya ce kada in ƙara kiranki, na ce to, zan bi ta hanyar aiki. Na rubuta miki cewa kujerar taki ce. Na ce in har yanzu kina tare da ni, ki haɗa mu a inuwa, ki zo ki zauna a gefena sau ɗaya, Baba ya gani da idonsa cewa ba wanda zai taɓa 'yarsa a cikinmu. In kuma kin haƙura da ni, kada ki wahalar da kanki da magana, ki raba kujerun kawai, zan gane." Ya ƙara damƙe ƙarfen. "Layi tara, Auta. Ko ɗaya kika sa ai zan gane."

Na tuna takardar a kan teburina, ba ambulan, kusurwarta ta sama a yage inda aka fizge wani abu. Na tuna wanda ya kawo ta da hannunsa.

"Ban ga wasiƙa ba," na ce. "Wallahi ban gani ba. Suna kawai na gani, da hotonka da ita a mota."

"Yatsa na yanke da murfin gwangwani."

"Kana dariya."

"To kuka zan yi?"

"Ba haka ake dariyar yankan gwangwani ba." Hawaye na zuba, amma ban fasa ba. "In tawa ce kujerar, me tikitina yake yi a hannunta?"

Ya sunkuyar da kai. Nan na san akwai saura.

"Da tikitin suka dawo a rabe, Umma ta gani. Ta ce an wulaƙanta manyanmu a falo, yanzu an wulaƙanta ni a takarda, ya isa haka. Ta je gidan Koci ranar Alhamis neman min auren 'yarsa. Na roƙe ta ta ba ni zuwa yau. Na ce in aka kulle ƙofar nan ba kya ciki, na bi zaɓinta."

"Ka yarda ke nan."

"Kin toshe lambata. Kin ja min labule ina kallo."

"Sai ka yarda."

"Ni kuma ba dutse ba ce da aka jingine a nan," Nas ta sa baki, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Tun muna yara nake sonsa, ban taɓa ɓoyewa ba, shi ne bai gani ba. A kejin nan na girma. Na sha rana a ciki, na sha jifa, na ɗinke goshin mutum a kan kujerun nan. Ke daga rumfa kike hango mu. Ko kin shiga yau, gobe fa? Za ki iya zama inda ake zagin babanki da ganga?"

"Ba wanda zai zagi Baba yau," Dogo ya ce. "Na bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Yau," ta maimaita.

Ƙarar sarƙa ta katse mu. Mutum na ƙarshe ya shige. Baba ya sauke sarƙar daga kafaɗa ya zura ta a ƙarfen ƙofa, sai a lokacin ya juyo. Ban san tun yaushe yake jinmu ba. Ya dubi Dogo ta cikin shinge kamar yadda ake duban tabo a bango, sannan ya dube ni.

"Auta, koma rumfa. Ga ni nan zuwa."

"Baba, Sakatare ya ɓoye min wasiƙa. Ƙarya ya yi mana, ni da kai."

"Wannan tsakanina da shi ne, zan ji da shi. Ba shi ya canja ko su wane ne waɗannan ba." Ya duba agogo. "Saura minti ɗaya. Mai tikiti ya shiga."

Nas ta gyara mayafinta. Ta dubi Dogo, ta yi masa ɗan murmushi, irin na wadda ta daɗe tana jira kuma ta san jiran ya ƙare. Ta taka zuwa ƙofa.

Ina so in ce tunani na yi. Ina so in ce na auna Baba da ƙafarsa da shekara ashirin da biyu, na auna Inna, na auna abin da gari zai ce. Ban auna komai ba. Murmushin nan kawai na gani, da bayanta tana tafiya wurinsa, da awa biyu da rabi da za su yi a kulle tare ni ina hange daga rumfa. Kafin in san me nake yi na sha gabanta na damƙe tikitin.

Ba ta saki nan take ba. Muka tsaya kowa riƙe da gefe guda, ido cikin ido.

"Nawa ne," na ce.

"Ba suna a jiki."

"Akwai. An rubuta wadda zai aura."

Ta waiwaya ta dubi Dogo. Ba ita yake kallo ba, ta kuma gani. Yatsunta suka saki. Idonta ya cika taf, ta ƙi bari ya zubo, ni kuma duk da halin da nake ciki sai da na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe min.

"Tankin yana ɗiga," ta ce. "Ki sa jakarki a ka."

Ta juya ta tafi, farin takalminta na ƙwas-ƙwas a kan siminti.

Na tsaya gaban Baba da tikiti a hannu. Ban taɓa ganin ƙofar nan daga kusa haka ba, duk da ni nake cika ta da mutane. Ƙarama ce, mutum ɗaya take ɗauka.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Kin san dokar wurin nan, ke kike buga ta a bayan tikiti. In na kulle, ba na buɗewa."

"Na sani."

"Mutum dubu takwas ne a filin nan. Duk sun san fuskarki. Jiya da bakinki kika ce duk abin da na yanke."

"Jiya kishi ne ya yi magana, Baba."

"Yau fa?"

Gaskiya yau ɗin ma shi ne. Na durƙusa a gabansa a kan simintin, kuka ya ci ƙarfina.

"Ni 'yarka ce ko a ina na zauna. Shi bai taka ka ba, Baba. Yana aji ɗaya a lokacin. In na koma rumfa yanzu, shi ke nan, an ba shi wata, ni kuma in zauna kusa da wanda ya sace min wasiƙa har ƙarshen rayuwata. Ka ce min in shiga. Ko da kai kawai ka gyaɗa."

"Baba," Dogo ya ce daga ciki, "na rantse ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Baba bai nuna ya ji shi ba. Gangunan keji sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, na sama suna leƙowa. Can tsallaken fili lasifika ta fara kiran sunayen 'yan wasa, ana amsawa da ihu. Hannun Baba na kan sarƙa, na ga jijiyoyinsa sun tashi.

Bai gyaɗa kai ba.

Na miƙe da kaina, na share fuska da bayan hannu, na miƙa masa tikitin.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya karɓa ya duba lambar, ya duba hatimin, ya juya bayanta, kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Ya yage ta biyu ya miƙo min rabi.

"Malama," ya ce, "ba a shiga nan da ja."

Tunda nake ban taɓa jin ya kira ni da wani abu ba Auta ba. Na kwance ƙyallen daga wuyana, na sa masa a hannu. Ya matsa gefe ya ba ni hanya.

Na shiga. A bayana sarƙa ta zagaya sau biyu, kwaɗo ya ce ƙaras.

Dogo ya matso zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Na hau matakala ni kaɗai, mutum ɗari biyu suna matsa min ƙafa, har na kai ƙurya jikin bango na zauna. Ɗigon farko ya sauka a kafaɗata.

Alƙalin wasa ya busa usur. Kowa ya juya ga fili, ni na juya ga ƙofa.

Kujerar Baba tana babbar rumfa, layin gaba, da sunansa a jiki, bai taɓa bari an take wasa ba ya kanta ba. Ranar bai je ba. Ya jingina sandarsa da shinge, ya juya wa kejin baya, ya tsaya a rana a kan ƙafar nan tasa, tsakanina da mutum dubu takwas, har aka tashi.